Idan maganin kemo ya kauce wa jijiya: awanni shida na farko da abin da ke biyo baya

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san yadda ƙarin ruwa ke kauce wa jijiya. Hannu ya kumbura, nas ta zo ta cire kanula, wato siririyar robar da ake sawa cikin jijiya, ta nemi wata jijiyar, kafin gari ya waye kumburin ya saɓe. Idan ruwan gishiri ne, magana ta ƙare ke nan. Wasu magungunan ciwon daji kuwa, waɗanda ake kira kemo, mililita biyu ko uku da suka tsiyaya ƙarƙashin fata sun isa su ci fata da nama har su kai ga jijiyoyin da ke motsa yatsu. Sai a bar mutum da gyambon watanni, wani lokaci ma da hannun da ba ya iya damƙar ludayi.

Tun da aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a 2025, mutanen da a da sai sun tafi Shika ko Kano ko Sakkwato sun sami wurin zuwa kusa da gida. Wannan alheri ne, amma yana tafe da nauyi: ma'aikatan jinya da 'yan uwan marasa lafiya a Katsina, Daura, Mani, Dutsin-ma da sauran garuruwa suna bukatar sanin wannan matsala. Bincike daban-daban sun nuna tana faruwa tsakanin kashi 0.1 zuwa kashi 6 cikin ɗari na masu karɓar magani ta jijiyar hannu. Tazarar tana da faɗi, kuma yawancinta ta rataya ne ga yadda aka zaɓi jijiya da yadda aka sa ido.

Tambayar farko, kafin ƙanƙara, kafin allura, ita ce: wane magani ne ya tsiyaya? Magungunan kemo kashi uku ne ta wannan fuskar. Akwai waɗanda ba su cika yin ɓarna ba, kamar saikulofosfamaid, metotireksat da biliyomaisin. Akwai masu sa raɗaɗi da kumburin jijiya ba tare da sun kashe nama ba a yawancin lokaci, kamar kabofilatin da etofosaid, da sisfilatin idan an tsinka shi da ruwa mai yawa. Sai masu cin nama, kuma su ma gida biyu ne. Bambancin gidajen nan biyu shi ne tushen maganar gaba ɗaya.

Gida na farko shi ne na jan maganin nan, doksorubisin, wanda ake sayarwa da sunan Adriamycin, da 'yan uwansa efirubisin da daunorubisin, tare da mitomaisin da daktinomaisin. Mata masu sankarar mama sun san jan maganin sosai, domin shi ne ke sa fitsari ja kwana ɗaya ko biyu. Idan ya fita daga jijiya, yana shiga ƙwayoyin halittar wurin ya manne wa DNA ɗinsu, wato sinadarin gado da ke cikinsu. Ƙwayar ta mutu, ta fashe, ta saki maganin, na kusa da ita su sha su mutu su ma. Haka yake ci gaba, har an taɓa samun ragowarsa a nama bayan watanni. Shi ya sa gyambonsa ke ƙara faɗi da zurfi mako bayan mako maimakon ya haɗe. Gida na biyu shi ne na binkiristin, binbilastin da binorelbin. Binkiristin shi ne wanda yara suka fi karɓa, masu ciwon dajin jini, na ƙoda, na ido, da mai kumbura muƙamuƙi. Waɗannan ba sa manne wa DNA, kuma jiki yana iya narkar da su idan suka bazu suka tsinke.

Daga nan dabarar ta fito. Na farko tsare shi ake yi wuri ɗaya da sanyi, a kashe kaifinsa. Na biyu watsa shi ake yi da ɗumi, jini ya kwashe shi. Wanda ya juya su ya ƙara wa majinyaci ciwo: ɗumi a kan jan magani yana buɗe masa hanya zuwa lafiyayyen nama, ƙanƙara a kan binkiristin tana tara shi wuri ɗaya ta tsananta gyambon.

Gane matsalar da wuri ya fi wuya a wurinmu fiye da yadda littattafan koyarwa ke nunawa. Su suna cewa a lura da jan fata. A baƙar fata jan ba ya fitowa fili. Abin da za a gani shi ne wurin ya ɗan yi duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya tasa. Idan akwai lalle a hannu, launin ma ya ɓace ɗungurungum. Saboda haka yatsun nas sun fi idonta amfani: ta taɓa gefen kanula ta ji ko ya yi tauri, ko ya fi ɗaya hannun sanyi ko ɗumi, ta jera hannayen biyu ta gwada. Sauran alamun suna jikin kayan aiki. Ɗigon ruwa ya rage gudu ko ya tsaya, sirinji ya yi tauri wajen turawa, an ja baya jini bai dawo ba, ko ruwa yana fitowa ta bakin huda. Dawowar jini ita kaɗai ba hujja ba ce cewa komai lafiya, domin kanula na iya huda bangon jijiya ta baya alhali rabin bakinta yana ciki.

Sai kuma kunya da kawaici. Dattijuwar da aka kawo daga ƙauye ba za ta so a ce ta cika raki ba, kuma an riga an gaya mata maganin yana da ƙarfi, sai ta ɗauka zafin ma cikin aikinsa ne. Ta ja hijabi ta rufe hannun ta yi shiru. Wannan shirun ya jawo asarar hannaye. Kafin a buɗe magani, a faɗa mata dalla-dalla: "Inna, wannan maganin bai kamata ya yi miki zafi a hannu ba. Da kin ji wani abu, ko da kamar cizon cinnaka ne, ki faɗa mini nan take. Ba damuna za ki yi ba, taimakona za ki yi." A bar hannun a buɗe, a sa filasta mai nuna abin da ke ƙarƙashinta. Idan yaro ne, kukan da ya canza salo daidai lokacin tura magani ya isa a tsaya a duba.

Akwai abin da ke kama da tsiyaya alhali ba ita ba ce. Jan magani yakan sa ƙaiƙayi da borin jini a kan layin jijiya, babu kumburi, babu zogi, jini yana dawowa daidai, kuma yakan lafa cikin awa ɗaya ko biyu. Duk da haka, idan aka yi kokwanto, a ɗauke shi a matsayin tsiyaya.

Da zarar an yi zargi, a tsayar da magani. A cire robar ƙarin ruwa daga jikin kanula, amma kanular a bar ta inda take. Nan ne hannu ke saurin yin kuskure, domin an saba da fizge kanula idan hannu ya kumbura. Ita ce kaɗai hanyar da ta kai daidai inda maganin ya taru. A sa sabon sirinji a ja a hankali, duk abin da ya fito riba ce, ko da 'yan ɗigo ne. Kada a tura ruwan gishiri da sunan wankewa, kada a matsa wurin, kada a murza. A kira likita a daidai wannan lokaci, saboda idan za a ba da makari ta cikin kanular sai an yanke shawara kafin a cire ta. Bayan an cire, a zagaye iyakar kumburin da alƙalamin da ba ya gogewa, a auna tsawo da faɗi, a ɗauki hoto da izinin majinyaci, a cire zobe da awarwaro kafin yatsu su kumbura, a ɗaga hannun bisa matashi, a ba da maganin zafi. A rubuta lokaci, sunan magani, kimanin adadin da ya fita da wurin da abin ya faru. A kuma gaya wa majinyaci da mai jinyarsa gaskiyar abin da ya auku. Ɓoyewa don gudun faɗa ita ce ke cinye awannin da ake iya ceton hannun a cikinsu.

Sanyi da ɗumi duka busassu ake so, minti 15 zuwa 20, sau huɗu a rana, na kwana ɗaya zuwa biyu. Jiƙaƙƙen tsumma yana laushe fatar da ta riga ta ji rauni. Ledar ruwa da ta daskare, a naɗe ta cikin busasshen tawul, ta wadatar. Ƙanƙara ba ta taɓa fata kai tsaye. Ɗumin kuma a gwada shi a hannun mai lafiya tukuna, musamman ga mai ciwon sukari da jin fatarsa ya ragu. Oksalifilatin, wani maganin kemo, ɗumi yake so, domin sanyi yana tayar da ciwon jijiyoyin ji da yake haddasawa. Kan magungunan kemo fakilitaksel da dositaksel ƙa'idoji sun sha bamban, wasu sun ce ɗumi wasu sanyi, don haka kowane sashe ya tsayar da guda ya rubuta a bango. Mai sikila kuwa, kada a ɗora masa ƙanƙara sai likita ya auna lamarin, saboda sanyi na iya tayar masa da ciwo.

Makarin jan magani mafi ƙarfin hujja shi ne deksirazoksen. An amince da shi don wannan aiki a Turai a 2006 da sunan Savene, a Amurka kuma a 2007 da sunan Totect. A gwaje-gwajen da aka dogara da su, cikin mutum 54 da aka tabbatar jan magani ya tsiyaya musu, ɗaya ne kawai ya kai ga tiyata. Ta jijiya ake ba da shi, a ɗaya hannun, kwana uku a jere: miligiram 1000 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki a rana ta farko, haka a ta biyu, sai 500 a ta uku, kowanne cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ba a wuce miligiram 2000 a ranakun farko biyu, ko 1000 a ta uku. Mace mai faɗin jiki 1.6 za ta karɓi 1600, 1600, da 800, wato kwalabe goma masu miligiram 500: huɗu, huɗu, da biyu. Sharaɗin da ba ya lanƙwasuwa shi ne a fara cikin awa shida. A ɗauke ƙanƙara aƙalla minti 15 kafin a sa shi, don jini ya iya kai shi wurin. Idan ƙoda ta yi rauni, tacewarta ta gaza mililita 40 a minti, a rage rabi. Yana ƙara saukar da ƙwayoyin jini kuma yana taɓa hanta, sai an bi shi da gwaji.

Maganin yana da tsada ƙwarai kuma ba kowane kantin asibiti ke ajiye shi ba. Ra'ayinmu shi ne duk sashen da ke ba da jan magani ya san tun kafin buƙata ta taso inda za a samo shi da awa nawa zai ɗauka. Neman sa bayan abu ya faru, da yamma, ta waya, yawanci awa shidan sun wuce kafin ya iso.

Inda babu shi, akwai ruwan DMSO mai ƙarfin kashi 99, wanda ake shafawa a fata. Ɗigo huɗu ga kowace murabba'in santimita 10, a shafe ninki biyu na faɗin wurin, a bar shi ya sha iska ya bushe, kada a naɗe da bandeji domin rufewa tana sa bororo. A fara cikin mintunan farko, a maimaita duk awa takwas har mako guda. Yana sa numfashi warin tafarnuwa da ɗan raɗaɗin fata, a sanar da majinyaci kada ya tsorata. Yana amfani ga mitomaisin ma. Ba a haɗa shi da deksirazoksen, domin yana rage masa aiki. Ɗaya ake zaɓa.

Binkiristin da danginsa makarinsu hayaluronides ne, sinadarin da ke sassauta abin da ya riƙe nama a haɗe don maganin ya bazu. Ana haɗa shi yunit 150 a kowace mililita, a ba da kimanin mililita ɗaya ga kowace mililitar da ta tsiyaya, daga ɗaya zuwa shida. A raba shi wurare biyar kewaye da iyakar da aka zana, ƙarƙashin fata, da siririyar allura, ana canza allurar a kowace huda. Ya fi aiki cikin awar farko, sannan a bi shi da ɗumi. Sodiyam tayosalfet kuma makarin wani maganin kemo ne mai suna mekuloretamin, da na sisfilatin mai kauri idan ya fita da yawa. Allurar haidurokotison ko bikabonet a wurin, waɗanda aka saba yi a da, ba su nuna amfani ba, kuma ƙa'idojin yanzu ba su goyi bayansu ba.

Akwai wata hanya da ta cancanci a ƙara kula da ita a wurinmu, tun da ba ta dogara ga magani mai tsada ba: wanke ƙarƙashin fata. Likitan tiyata yana kashe zafin wurin, ya yi 'yan ƙananan tsagu kamar huɗu a kewaye, ya zura bututu mai dakusasshen baki, ya dinga tura ruwan gishiri har kusan mililita 500 yana fita ta sauran tsagun da maganin a cikinsa. Ita ma cikin awanni shidan farko ta fi kyau, kuma aikin wanda ya koya ne, a wuri mai tsabta. Dalili ke nan da ya sa a sanar da likitan tiyata a ranar da abin ya faru, ko da fatar tana nan lafiya lau a ido.

Lafiyar ido ɗin nan ita ce ke yaudara. A rana ta farko sau da yawa babu abin gani sai ɗan kumburi. Tauri da duhu da bororo suna zuwa cikin kwanaki, baƙin ɓawo da gyambo kuma bayan mako ɗaya zuwa huɗu. Mitomaisin ma yakan yi makonni kafin ya bayyana. A lokacin majinyaci ya koma gida, wataƙila Daura mai nisan kilomita kusan 80 daga Katsina, ko wani ƙauye bayan Funtuwa. A gida kuwa hannu mai kumburi maganinsa sananne ne: gashi da ruwan zafi, man zafi, murza da man kaɗanya, ko a kai wa wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Duk da niyyar alheri ake yi, amma a wannan ciwon kowannensu ɓarna ne. Zafi da murza suna watsa jan magani, tsaga kuma tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa a daidai lokacin da garkuwar jiki ta fi faɗuwa, tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo. Kada a sallami kowa sai da takarda mai sunan maganin, da bayanin sanyi ko ɗumi, da lambar wayar sashen, kuma a yi bayanin a gaban wanda zai yi jinyar a gida.

A makon farko a duba wurin kullum ko duk bayan kwana biyu, daga nan mako-mako har ya warke. Wanda kuɗin mota ya yi wa nauyi, ya turo hoto ta WhatsApp, a hasken rana, da layin alƙalamin a fili. Amma akwai abubuwan da hoto ba ya maganinsu, sai an zo a ranar: zazzaɓin da ya kai digiri 38, mugunya ko wari, kumburin da ya tsallake layi, fata ta yi baƙi, yatsu sun yi sanyi ko sun daina ji, ko zafin da ke tsananta idan aka miƙe yatsu. A auna zafin jiki kafin a sha farasitamol, domin yana ɓoye zazzaɓi. Dikulofenak da aibufurofen na kemis a bar su sai likita ya yarda, saboda ƙoda da zubar jini.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na tsiyayar magunguna masu cin nama yana kaiwa ga gyambo. Idan nama ya mutu, ko zafi ya wuce kwana goma bai sauka ba, tiyata ce. Ana yanke duk mataccen nama har a kai ga mai jini, da gefe mai faɗi, domin ragowar da aka bari za ta ci gaba da ci kuma dashen fata ba zai kama a kanta ba. Yawanci sai a rufe na ɗan lokaci, bayan kwana biyu ko uku a ɗebo siririyar fata daga cinya a dasa. Idan jijiyoyin motsi ko ƙashi sun bayyana, sai an juyo nama mai hanyar jininsa an rufe, aikin da ake tura mutum wurin likitocin gyaran fata dominsa, kamar na Dala a Kano ko na Shika. Wanke gyambon jan magani wata da watanni ana jiran ya haɗe da kansa ɓata lokaci ne, kuma yana jinkirta maganin ciwon dajin. Motsa yatsu da wuyan hannu a sashen gashin ƙashi a fara shi da wuri, kafin gaɓoɓi su sandare.

Mafi yawan wannan wahala ana kauce mata ne a minti biyar na neman jijiya. A nemi babbar jijiya mai laushi a tsakiyar sangalin hannu, inda akwai tsokar da za ta kare abin da ke ƙasa. Bayan hannu da wuyan hannu sun fi sauƙin samu, amma can jijiyoyin motsi suna dab da fata. Lanƙwasar gwiwar hannu kuma tana ɓoye tsiyaya kuma kanula tana gocewa da motsi. Ba a amfani da hannun ɓangaren da aka cire kaluluwar hammata ko wanda ya kumbura. Sabuwar kanula ta roba ake sawa, ba allurar ƙarfe mai fukafukai ba, ba kuma kanular jiya ba. Idan huda ta farko ta ƙi, a koma ɗaya hannun ko a hau sama da ita, domin magani zai fita ta hudar da ke gabansa. A gwada da mililita 10 na ruwan gishiri, a tura magani ta gefen ruwan da ke gudu, ana duba dawowar jini duk bayan mililita biyu zuwa biyar, kuma nas ba ta barin wurin sai an gama an wanke layin. Lokacin hunturu a ɗumama hannun kafin huda. Lokacin bazara, da ga mai azumi ko mai amai, a tabbatar ya sha ruwa ya ƙoshi, don jijiyoyin su cika.

Wanda jijiyoyinsa suka ƙare, ko wanda za a ba magani mai cin nama na tsawon awanni, ya kamata a tattauna sa masa layi mai kaiwa babbar jijiyar ƙirji. Shi ma yana iya tsiyaya idan allurarsa ta goce, kuma alamar a nan zafi ne a ƙirji, wuya ko kafaɗa, wanda ke bukatar a tsayar da magani a ɗauki hoton ƙirji. Ga wanda tsiyaya ta riga ta same shi, zagaye na gaba a ɗaya hannun ake yi, bayan likitan ciwon daji da na tiyata sun daidaita lokaci. A gaya masa tun da wuri cewa tsohon wurin yana iya sake yin zafi ko duhu idan aka ƙara ba shi maganin, ko da ta wata jijiyar ce, don ya zo a duba maimakon ya yanke zuwa asibiti.